Madalla da Gidan Gwamnati

Allah ya saka wa wanda ya zana gidan kwatas da alheri. Mutum ne mai tausayi. Ya dubi Bahaushe ya ga zaure na jawo masa baƙi, sai ya cire masa shi. Ya ga tsakar gida na tara mata da daka da shanya da hayaniyar yara, ita ma ya ɗauke. Rumbu kuwa me ma'aikaci zai yi da shi, ga albashi? Aka bar masa falo da ɗaki da wani lungu wai kicin, aka kawo masa bayi dab da inda yake cin tuwo don kada tafiya ta gajiyar da shi.

Da NPN ta hau mulki a 1979 da hoton gida da masara a tutarta, gwamnatin Shehu Shagari ta yi alkawarin gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, 40,000 ke nan har da Abuja. Zane iri ɗaya aka raba wa ƙasa, na Fatakwal mai ruwa shi ne na Sakkwato mai rana, saboda adalci. Da yawa aka kai su bayan gari, nesa da kasuwa, don talaka ya sha iska. Tarayyar Sobiyet ta riga mu wannan hikima da benayenta masu hawa 5, kamar an fasa kwali. Sai dai su ba su da riƙon amana, tun 2017 Mosko ke rushe nata tana gina sababbi. Mu ba mu rushe ba, ba mu gyara ba, mun bar wa damina ta yi yadda ta ga dama.

Mu mutanen Mafara da Bakura da Maradun mun fi kowa cin moriyar tsarin gwamnati. Kamfanin Impresit na Italiya ya gama madatsar Bakolori a 1978, ruwa ya ci gidaje da fadamu, aka kwashe dubban mutane zuwa Sabuwar Maradun. Wanda kakanninsa suka saba da laka aka hutar da shi, aka ba shi tudu. Waɗanda suka kasa gane wannan gata, suka tare hanya suna neman diyya, an yi musu bayani da bindiga a Birnin Tudu cikin Afrilun 1980. Har yau akwai gidajen da ba a ambaton ranar sai an yi shiru.

Gwaggona tana zaune a wani tsohon kwatas a Talata Mafara, kuma duk wanda ke shakkar ingancin ginin ya zo ya gani. Kan famfon nan na ƙarfe yana nan daram, shekara da shekaru bai ɗiga ba balle ya yi tsatsa. A kansa take rataye tsintsiya. Ruwan sha sai mai kura ya turo jarkoki, a garin da ke maƙwabtaka da madatsa. Silin ya buɗe baki daidai saman gado, jemagu sun samu masauki kyauta. Gilasan taga sun zube, buhun taki ya karɓe su. Kicin ya zama ɗakin kaji, ita kuma ta kafa murhu a baya, ta zagaye shi da darnin kara. A gaba mijinta ya kafa rumfar zana ya shimfiɗa tabarma. Zauren da injiniya ya kora ta ƙofa ya dawo ta taga.

Na ce, "Gwaggo, wannan tsagar bangon fa? Hannuna na shiga ciki."

Ta ce, "Ɗan nan, mi za mu yi? Gidan gwamnati na. In mun gyara, gobe a ce mu tashi."

Ga ladabi! Mai gida bai zo ba, ɗan haya yana jin kunyar taɓa kayan mai gida, bango kuma yana ta buɗewa a hankali don kada ya firgita kowa. Jikokinta uku suna kwana a gindinsa. In hadari ya haɗu da dare sai ta tashe su, ta jera kwanoni a inda ke yoyo, ta zauna bakin ƙofa da carbi har gari ya waye.