Ƙafa Huɗu a Takarda, Biyu a Laka

A garejojin Minna, daga Kpakungu zuwa Bosso, akwai wani magani mai araha da ake yi wa tsohuwar Land Cruiser ko Pajero idan ogzilarinta ya fara kuka: a kwance farfelar gaba, a jefa ta a but, a ce Alhaji an gama. Kukan ya tafi kam, amma ya tafi da rabin motar. Ogzilari shi ne akwatin da ke bayan giya, mai raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin gaba da na baya. Wanda ya cire farfela ya sayi doki ne ya ɗaure masa ƙafa biyu.

Gyaran gaskiya yana farawa da sanin wane akwati ne. A kankare laka, a karanta lambar jikinsa, a ƙirga haƙoran sandar da ke shiga daga giya, a duba ko sarƙa ke jan sa ko haƙora zalla. Kama da wane ba ta wane, ko da mai kayan Panteka ya rantse. Sannan a sauya boris da robobin tare mai, a zuba man da ya dace. Za a ce aikin da tsada, kuma cikin gari kwalta ce. Haka ne, a kan busasshiyar kwalta ma saka ogzilari wahalar da shi ne. Sai dai damina ba ta karanta takardun mota. Ranar da tayoyin baya suka nutse a hanyar gona cikin watan Agusta, kuɗin da aka hana bakanike, mai tarakta ne zai karɓe, har da na shan ruwan masu turi.