Tsoron Jagora: Nazari Kan Saukar Sabon Ɗan Kasuwa a Guangzhou

Daga cikin ire-iren tsoron da ke kama matafiyi, babu wanda ya kai tsoron jagora ban mamaki, domin shi kaɗai ne tsoron da mutum yake ji game da wanda ya ɗauka da kuɗinsa don ya tsare shi. Jagora a nan shi ne wanda aka yi yarjejeniya da shi tun daga gida cewa zai tarbi baƙo a filin jirgi, ya kai shi masauki, ya yi masa tafinta, ya kuma zaga da shi kasuwa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja neman goro ba su san wannan fargaba ba, saboda madugu, wato shugaban ayari, da jagaba, wato mai shiga gaba yana duba hanya, tare da su ake tashi, kuma fatoman da zai sauke su a zango sananne ne tun zamanin iyaye. Sufurin zamani ne ya rushe wannan tsari, har ta kai ga mutum yana barin Kano shi kaɗai, ba shi da madogara a wata nahiya sai lambar waya da aka rubuta masa a bayan rasit.

Birnin Guangzhou, hedikwatar lardin Guangdong a kudancin ƙasar Sin, fage ne mai kyau na nazarin wannan al'amari. A nan ake gudanar da baje kolin Canton, wanda aka soma a 1957 kuma ake yin sa sau biyu a shekara, sannan unguwannin Xiaobei da Sanyuanli sun daɗe da zama matattarar 'yan kasuwar Afirka, ciki har da masu sayo atamfa da shadda da leshi don kasuwar Kantin Kwari. Sai dai ƙasar tana da wasu halaye da ke rikita sabon zuwa: agogonta yana gaban na Najeriya da awa 7, alamun shaguna da rubutun Sinanci suke, an toshe WhatsApp a intanet ɗinta tun 2017, kuma filin jirgin Baiyun ya sami ginin sauka na biyu a 2018, ta yadda cewa "mu haɗu a ƙofar fita" bai isa kwatance ba.

Tushen tsoron, idan aka bi diddigi, yana cikin nasihohin daren sallama, waɗanda mafi yawan masu yin su ba su taɓa wuce Zariya ba. Wasu daga ciki na da tushe mai ƙarfi, kamar hana karɓar saƙon kowa a filin jirgi, tunda hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a ƙasar Sin yana iya kaiwa ga kisa. Wasu kuwa, kamar kada a aika hoto don kar ɓarayi su gane mutum, da kada a amsa wa duk wanda ya kira sunan mutum, an gina su ne a kan zaton cewa akwai gungun miyagu a Sin da suka ajiye ayyukansu suna jiran isowar wannan bawan Allah.

Domin a ga yadda nasihohin ke aiki idan aka haɗa su wuri guda, ana iya ɗaukar misalin wani Alhaji mai shagon atamfa, wanda ya bi ta Adis Ababa a fitarsa ta farko zuwa Sin. Dillalin da ya haɗa tafiyar a Kano ya shaida masa cewa wani yaro amintacce zai tarbe shi. Alhajin ya ƙi bayar da hotonsa, bai kuma nemi na yaron ba, sai ya ƙirƙiro kalmar sirri wadda jagoran gaskiya kaɗai zai faɗa, ya zaɓi "kilishi", ya damƙa wa dillalin ya isar. Daga nan ya zuba dalolinsa a lalita, wato siririyar jakar kuɗi da ake ɗaurawa a ƙugu, ya rufe ta da taguwa da babbar riga da kuma rigar sanyi, domin an gaya masa ƙasar waje ƙanƙara ake yi, alhali Guangzhou gari ne mai zafi da laima a mafi yawan shekara.

Da ya fito zauren tarbar baƙi yana ɗigar zufa, abu na farko da ya gano shi ne wayarsa ta koma agogo, kuma agogon ma na Kano. Na biyu, jagoran da ya zana a zuciyarsa, dattijo mai gemu da hula zanna da carbi, babu shi a wurin. Wanda ke wurin wani siririn saurayi ne baƙi, da wandon jins da wayar kunne, yana riƙe da kwali ɗauke da laƙabin da ake kiran Alhajin da shi a kasuwa. Hankali zai ce wannan hujja ce ta cewa an zo daidai, amma Alhajin ya yi lissafi ta wata fuska: wannan laƙabi ba ya cikin fasfo, don haka duk wanda ya san shi a Sin lalle ya yi bincike mai zurfi. Sai ya raɓe bayan ginshiƙi ya soma gadi.

Ɓuya kuwa ba ta yiwuwa ga mai babbar riga shuɗiya a tsakiyar Sinawa, saboda haka saurayin ya taho kai tsaye, ya ɗan rusuna ya ce: "Baba Alhaji, sannu da hanya, ni aka turo in ɗauke ka." Alhajin ya dube shi daga sama har ƙasa, ya jira kalmar sirri, bai ji ta ba, sai ya amsa da Hausa tsantsa cewa shi ba ya jin Hausa. Saurayin, wanda ɗalibi ne da ke wannan aiki don cike kuɗin haya, ya ja da baya cikin nasa tsoron, domin shi ma an sha yi masa kashedi game da baƙon da ke gumi ba dalili, yana musun sunansa, yana kuma dafe ƙugu kamar ya ɗauro wani abu. Daga nan aka shiga abin da za a iya kira gadin juna, wato yanayin da mutum biyu ke zargin juna daga nesa, kowa yana jiran ɗaya ya fara aikata laifin.

Lokacin la'asar ne ya kawo motsi. Alhajin ya zaro darduma, ya duba inda rana take, ya ba ta baya ya fuskanci gabas kamar yadda ya saba tun yana yaro. Saurayin bai iya daurewa ba, ya matso ya ce: "Baba, ka yi haƙuri, a nan yamma ake kallo." Maganarsa gaskiya ce, domin Makka tana gabas da ƙasar Hausa amma tana yamma da ƙasar Sin, kuma haka ake fuskanta a masallacin Huaisheng na birnin, ɗaya daga cikin masallatai mafi daɗewa a ƙasar. A wurin Alhajin kuwa magana ta ƙare: wanda zai juya wa mutum alƙibla ba abin da zai hana shi juya masa aljihu. Ya ɗaga murya yana salati, ma'aikatan tsaro biyu suka nufo su, lamarin da ya sa masu zargin juna suka matsa kusa da juna a karon farko, tunda dai gara ɓarawon da ke jin Hausa da ɗan sandan da ba ya ji.

Saurayin ya nuna takardunsa, ya yi bayani da Sinanci, sannan ya buga wa dillalin waya ya sa ta a bainar jama'a. Muryar ta fito cikin hayaniyar Kwari tana cewa: "Haba Alhaji, ai ɗan ƙanwata ne!" Alhajin ya nemi jin dalilin da ya hana yaron faɗin kalmar sirri. Dillalin ya yi shiru, sannan ya bayyana cewa shi ya ɗauka Alhaji cewa ya yi zai kai wa yaron tsarabar kilishi, kuma haka ya isar da saƙon. Saurayin ya tabbatar da cewa tun safe yake sa rai.

Abin lura a wannan misali shi ne duk matakin da aka ɗauka don tsaro shi ne ya haifar da tasa matsalar, alhali abubuwan da ke tsare baƙo da gaske ƙanana ne, ba su da armashin ba da labari. Su ne musayar hoto kafin tashi, da fayyace lambar jirgi da ginin sauka da ƙofa, da sauke manhajar WeChat tun daga gida ko buɗe layin waya don aiki a waje, da riƙe adireshin otal a rubuce da Sinanci, da tabbatar da cewa otal ɗin zai yi wa baƙo rajista, domin doka ta wajabta sanar da 'yan sanda masaukin ɗan ƙasar waje cikin awa 24. Sanin cewa lambar 'yan sanda 110 ce, kuma Najeriya na da ƙaramin ofishin jakadanci a birnin, ya fi kalmar sirri amfani.

Akwai kuma mataki na ƙarshe da masu nasiha ba sa ambata, wato juyewar zargi zuwa amana marar iyaka. Inda jagora ke iya taɓa dukiyar baƙo shi ne la'ada, wato kason da mai kaya ke ware wa wanda ya kawo masa ciniki, wadda sau da yawa ake cusa ta cikin farashi da harshen da baƙon ba ya ji. Wannan ce ya kamata a tattauna a fili tun ranar farko. Alhajin kuwa, saboda nauyin abin da ya faru, ya wayi gari yana kiran saurayin "ɗana", ya kwance lalitar a shagon farko ya miƙa masa ya ƙirga da kansa, kuma duk farashin da aka fassara masa sai ya ce an sallama. Tambaya ɗaya ce ya ci gaba da yi da tsananin bincike har ya bar garin, kuma ba ta shafi kuɗi ba: a kowane ɗaki suka shiga, sai yaron ya rantse masa a kan alƙibla.