Ni da Ciyawar Wimbledon

A Yelwa yanzu ba mai kirana da sunan da aka yanka mini rago. Daga tasha har bakin ruwa "Na-Landan" nake amsawa, alhali ƙafata ba ta taɓa wuce Abuja ba. Tunda kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama, har mai shayin unguwarmu ya fara cewa sai da na shiga jirgi aka sauko da ni, gara a ji daga bakin mai abin.

Ranar Lahadi ce, 16 ga Yulin 2023. Turawa sun tafi hutun ƙwallo, mai gidan kallonmu ba shi da abin nunawa, ga shi ya riga ya zuba wa janareta mai a sabon farashi. Yana ta canja tasha sai ya faɗa kan wasu mutum biyu cikin fararen kaya suna jibgar 'yar ƙwallo ruwan ɗorawa. Wasan ƙarshe ne na gasar tanis ta Wimbledon da ake yi a Landan, tsakanin Novak Djokovic na Sabiya mai shekara 36 da Carlos Alcaraz na Sifen, yaro ɗan shekara 20. Ba a jima ba 'yan kallo suka fara zamewa, domin lissafin ya ƙi shiga: daga 15 a tafi 30, daga 30 kuma sai 40. Wani dillalin albasa ya miƙe ya ce duk inda ake irin wannan ƙidaya da cuta a ciki, a mayar masa da kuɗinsa.

Ni kuwa na zauna awa 4 da minti 42 cif. Dattijon ya fusata ya farfasa raket ɗinsa a jikin turken raga, yaron ya ɗauki kofi. Amma ba su ne suka tafi da hankalina ba, ciyawar ce. Ni malamin makaranta ne, sai dai gidanmu gidan noma ne, kuma abin da na tashi na sani shi ne ciyawa ko a nome ta ko a ba dabba. Sai ga ta shimfiɗe lumui kamar dardumar babban masallaci, mutum wajen 15,000 sun biya kuɗi sun kewaye ta sun yi tsit, har da Yarima William da iyalinsa da Sarkin Sifen. A wurin na ƙudura cewa baɗi da ni za a yi.

Na shiga bincike a waya har data ta fara cin kuɗin cefane. Tun 1877 ake gasar. Kullum sai an aske ciyawar ta tsaya milimita 8, ba ƙari ba ragi. Akwai ma wani shaho mai suna Rufus da aka ɗauka aikin korar tantabaru, yana da katin shaidar ma'aikaci. Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne namu ma ya taɓa zuwa: a 1983 Nduka Odizor ya fitar da Guillermo Vilas na Ajantina a zagayen farko, ya tafi har zagaye na huɗu. Idan ɗan Najeriya ya je ya buga, me zai hana ɗan Najeriya ya je ya zauna?

Uwargida na fara sanarwa, bayan ta ci ta ƙoshi.

"Malam, wai Ingila za ka?"

"In Allah ya yarda."

"Ƙarin karatu?"

"Kallo."

Ta ajiye maficin hannunta. "Ba ka ga Ka'aba ba, za ka je ganin ciyawa. Ga ta can ta kusa rufe mana makewayi. Ka fara da wannan, kyauta ce, har lauje zan ara maka."

Na ɗauki maganar zuwa wurin Kawu, wanda yana cikin waɗanda aka tasa daga tsibiransu lokacin da aka datse Kwara a Kainji a 1968, don haka na zaci zai fahimci tafiya. Na shirya hujja ta tarihi. Na ce Kawu, Mungo Park ya biyo ta Yawuri a 1806, 'yan'uwan nan biyu Richard da John Lander sun zo a 1830 sun fi wata guda a nan, ba wanda ya tambaye su biza. Ai zumunta a ƙafa take, lokaci ya yi da za a rama musu ziyara.

Kawu ya daɗe yana tauna goro. "Shi na farkon, ina ya ƙare?"

"Bussa."

"A tudu ko a ruwa?"

Na yi masa sai da safe.

Tikitin wurin nan ba a tashi kawai a saya. Ƙuri'a ake shiga ta intanet tun wajen kaka, watanni kafin gasar, gida ɗaya suna ɗaya, kuma idan ta faɗo kanka ba kai ke zaɓen rana ko fili ba, abin da aka ba ka shi ne rabonka. Na je shagon kwamfuta, wani yaro mai yawan "ba matsala" ya cike mini. Ko tashi ban yi ba sai ga saƙon imel. Ya duba layin farko, ya ga kalmar godiya, ya daka tsalle.

"Yallaɓai, an dace! Wallahi an dace!"

Na ba shi tukuici mai tsoka. Kafin na isa gida labari ya riga ni, har ya yi 'ya'ya: wasu sun ji Sarkin Ingila ne ya aiko da gayyata, wasu sun ji horar da 'yan wasa za ni.

Daga nan saƙo ya fara sauka. Ban san mutanen Yawuri suna da dangi a waje haka ba. Gwaggo ta kawo daddawa a kai wa ɗanta, na ce ai shi a Italiya yake, ta ce to ba Turai ba ce? Wani dattijo daga Birnin Yawuri ya aiko da bandar kifi kwali guda a kai wa surukinsa a Jidda, wai in sauka in miƙa in wuce. Man shanu, kuka, yaji, kilishi, har da takardar neman aiki. Ɗakin baƙi ya cika, ƙamshinsa ya kai bakin titi. Ni ma ban zauna ba. Da na karanta cewa fararen kaya ake sawa, ban tsaya ganin cewa 'yan wasa kaɗai dokar ta shafa ba, na sa tela ya ɗinka mini farar shadda, farar hula, na sayi farin takalmi. Ranar da na gwada su na fito tsakar gida, ƙaramin ɗana ya fashe da kuka ya ruga bayan uwarsa.

Ɗiyar ƙanwata ce, mai karatu a jami'a, ta zo hutu ta nemi ganin wasiƙar da ake ta magana. Ta karanta, ta sake karantawa, ta dube ni da tausayi.

"Kawu, ai godiya kawai suka yi maka don ka shiga ƙuri'ar. Sun ce in ka ci za su sanar da kai."

Har yau ba su sanar ba. Yaron shagon kuwa da na koma masa, cewa ya yi shi dai ya ga godiya, kuma ba a gode wa mutum a banza. Tukuicin ya riga ya zama takalmi a ƙafarsa.

Ban gaya wa kowa ba, domin akwai ƙofa ta biyu. Wimbledon na cikin manyan gasannin da har yanzu ake sayar da tikiti a ranar wasa ga wanda ya bi layi. Mutane kan kafa tanti a wani fili kusa da wurin su kwana, a ba kowa kati mai lamba, da safe a saki tikiti wajen 500 na babban fili, in ban da kwanaki huɗun ƙarshe. Wanda bai samu ba ya sayi na shiga harabar, fam 30 a 2024, ya kalli ƙananan filaye. Da na karanta haka dariya na yi. Layi? Mu da muka kwana a gidan mai, muka kwana a ƙofar banki lokacin canjin kuɗi a farkon 2023? Su har kati suke bayarwa, ba mai shigo maka ta gaba ya ce jiya ya ajiye dutse.

Abin da ya rage shi ne sanyi, don an ce ko da bazararsu sai da bargo. Sai na ga ya kamata in yi atisaye. Tsakiyar hunturu na ari tanti na nufi Wara a ƙasar Ngaski, wurin wani abokina Basarke, na ce ya nuna mini inda iska ta fi kaɗawa a bakin tafki. Ya nuna mini wani wuri mai laushi kusa da ciyawar burugu. Da zai tafi ya juyo.

"Malam, in ka ji motsi da dare kada ka haska tocila."

"Ɓarayi?"

"A'a. Kai dai kada ka haska."

Can tsakar dare na ji ana fizgar ciyawa, fizga mai nauyi, ana huci. Ya matso. Ƙasa tana amsawa. Na karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa, sannan na yi abin da aka ce kada in yi. Dorina ce. Ashe dare ne lokacin kiwonta, kuma ni na kafa tanti a kan akushinta. Yadda na fita ban tsaya neman ƙofa ba. Mai tantin ya ga hanyar da na bi, ya kuma faɗi kuɗinta. Da asuba matan da ke bandar kifi suka same ni a kan rumfarsu, hayaƙi ya gama ratsa ni. A motar komawa Yelwa wata mata ta yi ta waige-waige tana tambayar wa ke da kifin sayarwa.

Duk wannan bai karya ni ba. Fam ne ya karya ni. Lokacin da na fara lissafi yana wajen naira 1,000. Kafin watan Fabrairun 2024 ya ƙare ya doshi 2,000. Ina da 'yar gonar albasa, da ita nake auna komai: jirgi buhu kaza, biza buhu kaza, masauki buhu kaza. Duk daren da na sake lissafi sai in tarar buhunan sun ƙaru, gonar kuwa tana nan yadda take. Akwai wasu 'ya'yan itace ja, sitiroberi, irin waɗanda ake nomawa a Filato, da al'ada ta sa kowa ke ci a wurin da kirim: a lokacin ƙwaya goma fam 2 da rabi, wato wajen naira 5,000. Na cire su daga lissafi. Na cire masauki, tunda a layi zan kwana. Na cire abinci, tunda ga kilishin mutane. Jirgin ne ya ƙi ciruwa. Sai Babbar Sallah ta faɗo 16 ga Yuni, mako biyu kafin a fara gasar, uwargida ta tambaye ni a gaban yara ko bana ciyawa za mu yanka. Rago ya cinye Landan.

Amma in dutse ya ƙi zuwa, ai ana iya tara tsakuwa. Ɗan baffana yana da fadama a ƙasar Shanga, inda ruwa kan janye da rani, damina na sauka ciyawar kiri-kiri ta rufe wurin. Na auna ƙafa 78 a tsaye, 27 a kwance, yadda doka ta ce. Na ja layi da toka. Tsohon taru ya zama raga. Na samo raket biyu na gwanjo daga Kontagora. Askin ne aiki: lauje ba ya jin milimita, sai da na ari almakashin tela, na tara yaran ƙauyen da rula irin ta 'yan firamare, muna rarrafe muna aunawa. Manoma na wucewa da garma a kafaɗa, su yi sallama, su tsaya, su wuce suna girgiza kai. Wani ya tambayi ɗan baffana a asirce ko an gwada mini rubutu.

Na sa ranar buɗewa 14 ga Yuli, ranar wasan ƙarshe a can, don mu tafi tare. Na sa farar shaddata na iso da hantsi. Shanu na tarar, garke guda, sun sauke ciyawar ƙasa da milimita 8 nesa ba kusa ba, sun bar shaidarsu a kan layin toka, wani bijimi kuma yana yawo da ragata a ƙaho. Makiyayin yana jingine da sandarsa, fuskarsa cike da godiya.

"Sannu Malam. Kai ne mai wurin? Allah ya saka. Ba mu taɓa ganin wanda ya gyara wa nagge abinci haka ba."

Na kai ƙara wurin mai gari. Aka taru, aka yi gaisuwa, ya ce to Malam, me aka yi maka ɓarna, gero ko shinkafa?

"Ciyawa, ranka ya daɗe."

"Na'am, sun bi ta ciyawa. Me ka shuka?"

"Ita ciyawar ce shukar."

Sai da liman ya fita waje don kada a ga dariyarsa. Hukunci ya fito cewa tun kaka da kakanni ba a taɓa biyan diyyar ciyawa ba, amma makiyayi ya ciro taru daga ƙahon sa ya mayar. Na kamo hanya a guje don in tarar da wasan a gidan kallo, mai gidan ya ce man da ke janareta na dare ne, Sifen da Ingila za su buga wasan ƙarshe na kofin Turai, ba zai ƙona shi a kan masu 15 da 30 ba. A bakin mai shayi na ji cewa yaron ya sake kayar da dattijon. Filin nawa kuma, kafin Satumba ta ƙare Kwara ta cika ta karɓi abinta. Yanzu tarwaɗa ke wasa a wurin.

Masu son zaman lafiyata sun ce in haƙura in je Kano, ana gasar tanis ta Dala a can, kuɗin mota kawai. Na ji, kuma wataƙila in je, amma filinsu daɓe ne, ba abin da akuya za ta tsaya dubawa. Ƙuri'ar bana dai na sake shiga, wannan karon ɗiyar ƙanwata ce za ta karanta amsar. Waɗanda suka ba ni saƙo kuma, don Allah kowa ya zo ya ɗauki kayansa kafin Juma'a, uwargida na son ɗakinta. Mai kilishi kada ya wahalar da kansa.