Kwaɗo Uku a Haɗeja

Laifin duk na Alƙahira ne. Na raka mahaifiyata asibiti a Masar, ranar da likita ya ce ta huta sai na faɗa hannun wani saurayi mai 'yar tuta. Ya tasa mu a gaba, mu kusan goma sha biyar, daga masallacin Azhar har cikin kasuwar Khan al-Khalili, yana tafe yana zuba kamar rediyo. Can ya tsayar da mu muka ci wani abu wai shi ɗa'amiyya, wanda ƙosai ne kawai da ya samu gata. Da aka tashi kowa ya zaro dala ya miƙa masa har da godiya. A jirgin dawowa ban runtsa ba, lissafi nake yi. Mutum ya sa ka tafiya da ƙafarka, ya ba ka ƙosai, kuma ka biya shi! Na ce wallahi in dai wannan ce sana'a, Haɗeja ta daɗe tana zaune a kan kuɗi. Ga fada, ga kogi, ga kifi, ga tarihin da ko a Kano sai mu yi shiru in ana ba da shi.

Sai dai akwai wani ɗan abu da ban sa a lissafin ba. Ni a Fagge aka haife ni. Mahaifiyata ce Bahaɗejiya, kuma rabona da in yi mako guda cur a garin tun ina zuwa hutun firamare. Amma na ce ai jini ba ya ɓuya. Na yi dare biyu ina karatu a waya, na sa aka buga mini takarda mai launi: “Zagayen Birni da Ƙafa, Tarihi da Ɗanɗano, Naira 5,000.” Tuta kuwa, jar laimar matata na ɗauko.

Na sauka gidan Kawu. Ya karanta takardar sau biyu, ya juya bayanta ko akwai ƙarin bayani, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

“Su biya ka don su yi tafiya a ƙasa? Kai ɗan nan, baƙi takin lafiyarsu ƙalau kuwa?”

Wanda bai saba da bakin Haɗejawa ba kada ya zaci an haɗa baƙina da takin gona. Inda mu a Kano za mu ce “baƙin” ko “baƙi ɗin”, su “takin” suke sawa. Ina yaro na sha dariyar wannan kalma, ashe tana nan tana jira na.

Baƙi uku na samu. Akwai Hajiya, gwaggon matata, wadda ta ce ba za ta biya ko sisi ba tunda ƙafar tata ce. Akwai wani ɗan bautar ƙasa daga Kudu da kowa ke kira Kofa, ya zo da kakinsa da Hausarsa da ba ta wuce cikin cokali ba. Sai wani Bazazzagi siriri mai shiru-shiru, abokin abokina, da na tambaye shi aikinsa ya ce yana “ɗan koyarwa”. Na ce a raina malamin firamare ne, Allah ya kawo mini ɗalibi.

Ƙarfe takwas na ɗaga laima. Ƙarfe tara da rabi muna nan a layin su Kawu.

Abin da saurayin Alƙahira bai gaya mini ba shi ne, shi ba wanda ya san uwarsa a hanyar da yake bi. Ni kuwa taku goma ba na yi sai an ƙwala daga zaure: “Kai, wannan ba ɗan wance ba ne?” Sai a durƙusa. Ya jikin nata, ya hanya, ya Kano, ya iyali, yaran nawa ne yanzu, me ya sa ba ka zo ta'aziyyar wane ba. Kafin ka miƙe an aiko yarinya da kwano. Gida na farko kunun tsamiya da ƙosai. Na biyu waina, tana tururi, an tsiyaya mata man shanu. Na uku ɗumamen tuwo da miyar kuka wadda kan tarwaɗa ke leƙe a ciki. Ba a mayar da kwanon dangi yadda ya zo, kuma ni ne ɗan gida, don haka inda baƙi suka ɗanɗana ni sai na sharɓe. Hajiya ta goge hannu ta ce, “To kai ɗana, abincin da ake bayarwa kyauta ne kake karɓar wa dubu biyar?” Na ce ai wannan share fage ne.

A ƙofar fada na gyara murya. Na fara da labarin maharbi Haɗe da matarsa Jiya, waɗanda ake cewa daga sunansu garin ya samo suna. Wannan ya tafi daidai, har Kofa ya ɗauki hoto. Daɗin baki ya ɗebe ni. Na nuna gabas da laima na ce, “Ta nan Turawa suka ɓullo a 1903, Sarki Buhari ya fito ya tare su da takobi tsirara.”

Kofa ya zaro ido. “Buhari? Na Daura?”

Ban kai ga ba shi amsa ba sai na ji an yi gyaran murya a bayana. Wani dattijo ne mai faifan goro a gindin bango, ko ɗagowa bai yi ba, yana yayyafa wa goronsa ruwa.

“Yaro, Buhari takin ya yi shekara arba'in da ɗoriya a kabari kafin Nasara ya zo garin nan.”

Daga nan yawon ya fita daga hannuna. Dattijon ya ce Buhari ɗan Sambo ba da Bature ya yi ba, da Sakkwato ya yi, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. An tuɓe shi ya ƙi tuɓuwa, an haɗo masa runduna ya tarwatsa ta a Kaffur, kuma a yaƙin Bade ya rasu. Wani mai gyaran takalmi ya ajiye basilla ya matso, ya ce wanda ya yi da Turawa Sarki Muhammadu ne, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada, kuma da aka aiko manzo da saƙon a miƙa wuya, mari ya koma da shi. Mai shayi ya tsoma baki kan waɗanda suka faɗi tare da Sarki a ranar. Ashe a garin nan ba a sayar da tarihi ne don kowa yana da nasa a gida. Sai ga Bazazzagina, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya cire tabarau yana gogewa.

“Baba ya yi gaskiya. Buhari ya hau a 1848, ya rasu a 1863. Yaƙin Turawa kuma watan Afrilun 1906 ne, bayan na Satiru da 'yan makonni. Ita 1903 ɗin da jagoranmu ya ambata, shekarar da aka ci Kano ce.” Ya mayar da tabarau. “Wataƙila shi ya sa ta zauna masa a rai.”

Aka fashe da dariya har da tafawa. Nan na gano “ɗan koyarwar” tasa tarihi ce, kuma a jami'a. Tsakanin Bakano da Bazazzagi ba a fushi, wasa ne tun na kakanni, amma ranar na so a ce akwai ranar hutu a cikinsa.

Na ce mu wuce kabarin Kyaftin Phillips, Baturen da mutanen ƙasar suka laƙaba wa Mai Tumbi, wanda a Haɗeja ƙasa ta rufe masa ido. A waya hanyar a miƙe take. A ƙasa kuwa lungu ya haifi lungu, rana ta take, Hajiya ta ƙwace laimar ta ce ta ga ba ta da wani aiki a hannuna. Da muka wuce wata akuya mai ƙaho ɗaya karo na uku, na haƙura na tsayar da wani tela.

“Malam, don Allah Mai Tumbi muke nema.”

Ya dakatar da keke. Ya dube ni daga hula zuwa takalmi, ya dawo ya tsaya a tsakiya, inda kunu da waina da ɗumame suka yi sansani.

“To ai Alhaji ka iso.”

Ba mu ga kabarin ba. Na sanar da cewa an ɗage wannan sashe.

Kasuwar kifi ce ta dawo mini da ɗan mutunci, don ita ba ta bukatar jagora. Tun daga nesa hanci yake fara shiga. Tarwaɗa ce bandararriya, an lanƙwasa kowace an soke jelarta a baki ta zama kamar awarwaro, baƙa wuluk tana sheƙin mai, an jera a kwali ana ɗaurewa da igiya. Ga karfasa, ga ragon ruwa, ga manyan motoci ana yi musu lodi za su Kudu. Wata mata ta tsamo mana soyayyiyar karfasa daga kasko, ta barbaɗa yaji a takarda. Fatar tana ƙaras-ƙaras, cikin fari tas. Hajiya ta ci biyu ba ta yi ƙorafi ba, abin da matata ta ce ba a taɓa gani ba tun da take.

Abu na gaba a takardata shi ne kwaɗo. Nufina kwaɗon zogale, da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, a ɗan wanke maiƙon kifi. Na kira wani yaro na ba shi dubu biyu na ce ya samo mana kwaɗo mai kyau na mutum huɗu. Na san za a ce ai muryar ba ɗaya ba ce, ta kwano daban, ta kududdufi daban. Gaskiya ne. Amma bakina cike yake da kifi, injin markaɗe yana kuka a gefe, kuma yaron ya dubi Kofa da kakinsa ya yanke hukunci.

“Busasshe?”

Na ce, “Kai dai kada a cika masa mai.”

Ya dawo da baƙar leda ya zazzage a kan faranti. Ga su nan sun fi ashirin, baƙaƙe, a sanƙare, kowane ya baje ƙafafu kamar an kama shi yana tsakiyar tsalle, ƙaurin hayaƙi na tashi. Ɗaya ma bakinsa a buɗe yake, yana fuskantar Hajiya. Ta saki salati da ya tsayar da ciniki a rumfa uku. Kofa kuwa fuskarsa ta washe, karo na farko tun safe. “Oga! Wannan mai kyau! Nawa, nawa?”

Ashe sana'a ce babba. Wani dillali ya ce da dare ake kama su da tocila a fadamu, a banda su kamar kifi, a cika buhu a tura Kudu, kuma gidaje da yawa da kuɗin suke cefane. Na yi ta maza na ce ai dama yana cikin tsari, don baƙi su ga albarkar fadama. Bazazzagin ya ce madalla, kuma ya ji an ce a Masar jagora ne ke fara ɗanɗanawa. Ya ƙara da cewa kada in ji tsoro, malaman Malikiyya a cikin naman ruwa suke lissafa shi.

Hajiya ta ce, “To su malaman su zo su ci.”

Kofa ya kwashe duka, ya sayi ƙari, ya karɓi lambar dillalin.

La'asar ta same mu a bakin kogi. Na buɗe baki zan yi bayani sai na tuna da mai goro, na rufe. Wani masunci da ke ɗinkin koma shi ya yi aikin. Ya ce ruwan nan daga ƙasar Kano yake gangarowa, ya ratsa fadamun Nguru, ya zama Komadugu har Tafkin Chadi. Tun da aka gina madatsar Tiga da ta Challawa ruwan ya sauya hali, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyi, kwale-kwale ba ya ratsa ta, tsuntsun jan-baki kuma ya mayar da ita gida yana fitowa cin shinkafa. Dakta, wato Bazazzagin nan, ya cike masa shekarun, 1974 da 1992, ba tare da an tambaye shi ba. Da masuncin ya ji ni Bakano ne sai ya ce, “Ku ne ke riƙe ruwa takin da rani, da damina ku aiko mana da shi gaba ɗaya.” Na ba shi haƙuri a madadin jihar baki ɗaya.

Nan wata Bafillatana ta sauke ƙwarya. Hajiya ta ce ba a bin kifi da nono. Na ce camfi ne, na shanye kwano guda na fura don in nuna ilimi.

Muka yi lissafi a tsaye. Dubu goma ta shigo. Kifi, kwaɗi, fura, ruwan leda da goron da na saya don toshe bakin dattijo sun cinye dubu goma sha ɗaya. Dakta ya ce ba zai nemi a mayar masa da kuɗinsa ba, amma yana jiran ladan jagoranci. Ina shirin mayar masa da baƙar magana sai cikina ya yi wata ƙara irin ta babur ɗin da ya kwana cikin ruwa.

Ban yi sallama da kowa ba. Hanyar da ta gagare ni da rana, a guje na gane ta ba tare da tambaya ba, kuma duk wanda ya ƙwala “ɗan wance” hannu kawai na ɗaga masa. Na faɗa gidan Kawu, na sure buta, na nufi bayan gida. A jikin ƙofar langa-langar ga wani ƙaton kwaɗo na ƙarfe yana lilo.

Kawu yana masallaci. Na zagaya tsakar gida, na tsuguna, na miƙe, na karanta duk addu'ar da na iya har da ta shiga kasuwa. Limamin unguwar kuma ranar ya ga dama ya ja doguwar sura. Da Kawu ya shigo yana jan carbi, ya tarar da ni na rungume turmi, gumi ya jiƙa har hula.

“Kawu, mukulli! Don girman Allah, mukullin kwaɗon nan!”

Ya dubi ƙofar, ya dube ni.

“Kwaɗo takin? Ai ya shekara biyu da lalacewa. Saƙala shi kawai nake yi saboda awaki.”