Fatar Akuya a Gaɓar Gagare

A Ƙauran Namoda ƙanƙara biyu muka sani. Akwai wadda ake saye a leda da azumi a jefa cikin zoɓo, akwai kuma wadda kan faɗo tare da ruwan farkon damina ta fasa wa kaji kai. Ta uku, wadda ke lulluɓe tsauni har mutane su ɗaura katako a ƙafa su zamo daga samansa, a waya na gan ta cikin hunturun da ya wuce, ina ƙudundune a bargo, haɓo na ƙoƙarin ɓalle mini.

Masu wannan wasa kashi biyu ne. Akwai 'yan hutu, waɗanda wani keke mai rataye a igiyar ƙarfe ke ɗauka ya kai su ƙololuwa, su dai nasu gangarowa. Waɗannan ban ga abin yabo a wurinsu ba. Waɗanda suka tafi da hankalina su ne masu barin hanyar jama'a su nausa cikin tsaunuka, su hau da ƙafarsu, su sauko ta inda ba sawun kowa. Shahararriyar hanyarsu tana tsaunukan Alps, daga Shamoni ta Faransa zuwa Zamat ta Suwizalan, tafiyar kusan mako guda ana kwana a bukkokin kan dutse, kuma tun 1911 aka fara ratsa ta a kan katakon zamiya. Dabarar hawan ita ce ta fi burge ni. Sukan manna wata fata mai gashi a ƙasan katakon, gashin yana kwance ya kalli baya. In ka tura ƙafa gaba sai ta sulale, in ta so komawa baya sai gashin ya miƙe ya cije. A da fatar wata dabbar teku ake sawa, yanzu gashin wata irin akuya ne ake haɗawa da zaren roba. Da na ji an ambaci akuya sai na tashi zaune. Turai za ta nuna mana akuya? Mu da ke maƙwabtaka da jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta ƙetare Sahara tun kafin a san jirgi?

Kada mai karatu ya ɗauka ni kaɗai ne ɗan Najeriya da wannan abu ya taɓa. A 2018 'yan matanmu uku sun je gasar Olamfik ta lokacin sanyi a Koriya ta Kudu da keken zamiya, kuma shugabarsu, Seun Adigun, da keken katako da ta haɗa da hannunta a Amurka suka fara atisaye. A 2022 Samuel Ikpefan ya wakilce mu a Beijin, a tseren zamiya na dogon zango. In katako ya kai wasu Koriya, ai ba zai kasa kai ni bakin gulbi ba.

Saura wurin hawa. Tsaunin da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, Chappal Waddi na Taraba, mita 2,419 ne, kuma ko shi ba ya tara ƙanƙara. Dutsen Kwatarkwashi yana kusa, amma wanda ya zamo a kansa sai dai a tattaro shi a faifai. Dazuzzukan wajen Zurmi kuwa, irin su Dumburum, kowa ya san waɗanda suka mamaye su, ba mai shiga can yawon shan iska. Abin da ya rage mini shi ne gaɓar Gulbin Gagare, inda rani ke janye ruwa ya bar tudun yashi mai gangara.

Na ba wani direba saƙon fatar akuya daga kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis. Na ce fata, ban ce jemammiya ba, don ina ganin mai hankali ba ya buƙatar a faɗa masa. Ya kawo mini wadda ba ta gama bushewa ba, a bayan mota, ƙudaje na yi mata rakiya tun daga can. Na kai wa kafintan unguwarmu tare da bayani: katako biyu, kowane ya kai tsayina, a lanƙwasa bakinsu sama, a kafa tsohon takalmin taya ta wajen yatsu kawai, domin diddige ya riƙa ɗagawa lokacin hawa, kamar yadda nasu ke yi.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya cire fensir daga bayan kunne. "Malam, wanga abu ƙofa ta ko benci?"

"Takalmi ne."

Ya dubi ƙafata, ya dubi katakon, ya ce in ba da rabin kuɗi tukuna.

Masu wasan nan ba su shiga tsauni sai da abu uku, saboda ƙanƙara kan zabtaro ta binne mutum, musamman a gangaren da ya kai digiri 30 zuwa 45: na'urar da ke nuna inda aka binnu, doguwar sandar lalube, da shebur. In aka wuce kamar minti 15 ba a tono mutum ba, da wuya a same shi da rai. Ni ma ban yi sakaci ba. Na ari shebur wurin masu gini, na ɗauki gorar kakkaɓar yana ta uwargida, na'ura kuwa na wakilta ƙanena, na ce ya riƙe waya ya kira lambata in yashi ya rufe ni.

Bayan sallar asuba muka naɗe kayan cikin buhu muka ɗaure a babur. A garinmu, a wannan zamani, mutum biyu a kan babur da duku-duku, da dogon abu naɗe a buhu, sun nufi bayan gari, ba sai an yi wa kowa fassara ba. Ba mu yi nisa ba 'yan sa-kai suka haske mu da tocila.

"Ku tsaya nan! Mi ag ga buhun ga?"

Na ce takalmi ne. Ƙanena ya fara salati a bayana. Suka sa muka kwance, warin fatar ya bugi babbansu har ya ja da baya. Ya juya katakon sama da ƙasa, ya leƙa ko akwai bututu, ya tambayi aikina. Na ce koyarwa. Ya yi shiru, sannan ya ce wa yaransa su bar mu mu wuce, ya ƙara da cewa Allah ya ba ni lafiya. Har biyu daga cikinsu suka biyo mu, wai don tsaro.

A gindin tudun na zura ƙafa cikin takalman, na kama sanda a kowane hannu, na tura ƙafar dama gaba. Ta ƙi. Na tura ta hagu, ita ma ta ƙi. Da na ɗaga su da ƙarfi na taka sama kaɗan, sai duka biyun suka sulalo da ni baya, sumul, har inda na fara. Na duƙa na shafa fatar. Kafinta ya kafa ta a juye, gashin yana kallon gaba. Ya ƙera mini takalmin da ba ya tafiya sai da baya, kuma da ƙusa 'yar inci biyu ya kafe ta, alhali su can ɓare fatar suke yi su sa a jaka in za su gangaro.

Kafin nan karnukan masu lambu sun ji labari. Uku suka iso, suka zauna a gefe da ladabi suna jiran in tsaya. Yara masu zuwa ɗiban ruwa a ramukan yashi suka ajiye jarkokinsu. Ganin taro ya haɗu, na saɓa katakon a kafaɗa na hau tudun da ƙafa, na sake ɗaurawa a sama, na ɗaure diddige da robar tayar babur, na durƙusa kaɗan yadda na ga ana yi, na yi bisimilla na tura. Katakon ya tafi kamar taku ɗaya ya cije. Ni ban cije ba. Robar ta tsinke, takalman suka tsaya a sama suna kallon gabas, na ƙarasa gangaren da ƙirji, bakina a buɗe. Yashin Gagare da sanyin safiya yana da ɗanɗanon ƙarfe, kuma yana shiga wuraren da mutum bai san yana da su ba. Ina kwance sai na ji waya na ruri a aljihuna. Ƙanena ne, yana tsaye a kaina, yana bin umarni.

Wani yaro da bai wuce shekara takwas ba ya matso da ɓarin jarka rawaya, wadda aka tsaga biyu. "Baba, ba haka a kai ba. Zauna ciki ka ɗaga ƙahwahu." Ya hau, ya zauna, ya sulalo, ya tsaya cak a gabana da diddige. Ashe kullum abin da suke yi ke nan kafin su ɗebi ruwa, ba fata, ba kafinta, ba rabin kuɗi.

Da na bar maganar a nan da na koma gida da mutuncina kusan cikakke. Amma 'yan sa-kai na kallo. Na karɓi jarkar na hau, na cusa abin da ya shiga daga jikina, na ɗaga ƙafafu. Abin da yaron bai lissafa ba shi ne na ninka shi nauyi sau uku, kuma bai koya mini tsayawa ba. Jarkar ta tafi. Na wuce inda na faɗi da farko, na wuce ramin ruwa, na ga shebur ya gifta, na ratsa shingen ƙaya, na shiga fangalin albasa da aka yi wa ban-ruwa a daren, na share kunya guda har ƙarshenta. Da na waiwaya, karnukan sun riga sun hau tudun, suna ja-in-ja da kayan wasana.

Mai lambun dattijo ne, bai ɗaga murya ba. Ya tambayi ɗan gidan wa ne ni, na faɗa, ya ce to shi ke nan, ya san hanya. Da la'asar na tarar da shi a zauren Kawu, kafinta na gefensa ya zo karɓar cikon kuɗinsa. Na kawo hujjata a fili: da an kafa fatar daidai da ban kai ga jarka ba, da ban kai ga jarka ba da albasa na nan. Kafinta ya ce shi tunda yake bai taɓa jin an tambayi inda gashin akuya ke kallo ba, kuma ba a rubuta masa ba. Har gobe ina ganin ni ke da gaskiya.

Kawu ya gama jan carbinsa, ya yanke hukunci uku. In biya kafinta cikonsa, in biya dattijo kuɗin albasarsa a farashin kaka, kuma kada in sake zuwa bakin gulbi sai da rakiyar yaro.