Rabe-raben Masu Gardamar Bandashe

A kasuwannin arewacin Kano, daga Bichi zuwa Ɗambatta, ba a rasa majalisa a gefen mai gurasa, inda ake tafka muhawara kan abin da ya halatta a ɗora wa bandashe, wato gurasar da aka jiƙa, aka barbaɗe da garin ƙuli-ƙuli da yaji, aka kwarara mata man gyaɗa. Ɗan gargajiya yana ganin duk abin da ya wuce albasa bidi'a ne. Ɗan birni kuwa, wanda ya taɓa cin fiza, gurasar mutanen Italiya, ya dage sai an narka cuku a kai, alhali mai lissafi bai daina ƙirga yankan tumatir ba tun da tsutsar sharon ta cinye gonaki a 2016.

Wanda ya fi cancantar dogon nazari shi ne mai kabewa. Wannan bawan Allah yakan jefa 'yan ƙwayoyi a gindin danga da farkon damina, kafin kaka yaɗo ya haye rumbu ya leƙa gidan maƙwabci, ya zuba 'ya'yan da iyalinsa ba za su iya cinyewa ba. Daga nan miyar taushe, wadda ake haɗa kabewa da alayyahu da gyaɗa a cikinta, takan zama abincin dare da ɗumamen safe, har yara su fara fakewa da ziyarar kaka idan an sauke tukunya. Yakan je ta'aziyya da kabewa, ya je suna da kabewa, sannan ya zauna a majalisa yana cewa, "Malam, a dama dafaffiya a shafa wa gurasar nan mana, ai tana ƙara gani." Masu lambu a Ingila ma haka suke addabar maƙwabta da wata 'yar kabewa koriya mai siffar kokwamba, kuma marubucin wannan bayani, wanda tasa dangar ta riga ta rufe da ganye, ba shi da bakin zargin kowa.

Wanda ba shi da uzuri shi ne mai "bari in ɗanɗana", domin bai taɓa sayen gurasa ba, amma yakan kai hannu daidai inda mai ya taru, ya cinye rabi, sannan ya goge yatsu a gefen benci yana kushe yajin.