Kaza Ɗaya, Hali Goma

Masu koyar da girki a waya sun haɗa baki a kan magana guda: wai babu abincin dare mai sauƙi irin na kaza. A wanke, a zuba albasa da citta, a ɗora a wuta, kafin a idar da sallar Isha'i an sauke. Gaskiya suka faɗa, amma rabinta. Abin da ba sa haskowa a bidiyo shi ne mutanen da ke kewaye da tukunyar. Ranar tuwo da miyar kuka kowa a gida salihi ne, ba ka jin kan kowa. Ranar da aka ce yau kaza ce, ranar ake sanin wane ne wane. Ga goma daga cikinsu, kuma ko a Fagge kake ko a Damagaram, da wuya ka rasa bakwai a gidanku.

Maigida mai shela

Shi ba ya kawo kaza da hantsi, lokacin da za a yi mata aiki a natse. Sai ana kiran Magariba zai yi sallama, ya riƙo ta ta ƙafa, kai a ƙasa, tana fuffuka. Tun daga zaure yake ɗaga murya don maƙwabta su shaida: "Maman Ummi! Zo ki karɓi wannan a ɗan yi mana farfesu. Abu mai sauƙi dai, kada ki wahalar da kanki."

Ba attarugu, ba albasa, ba gawayi, gas kuma tun shekaranjiya yake numfashi sama-sama. In aka tambaye shi kuɗin cefane sai ya zaro ido: "Kaza sukutum na kawo, har wani cefane kuma?" Wannan bawan Allah bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba, amma ya haddace kaza gaɓa-gaɓa. In aka kawo masa kwano, kafin bisimilla sai ya yi ƙidaya da cokali. Sannan ya ɗago kai ya jefo tambayar da ta sha ta da ƙura a gidaje: "Ina ƙundun?" Ranar da ƙundu ya ɓata, ko cinya huɗu aka zuba masa, a wurinsa ba a yanka kaza a gidan ba.

Ɗan a-mutun kazar Hausa

A wurinsa kaji iri biyu ne: kazar Hausa, da sauran abubuwa masu gashi. Burolar gidan gona, wadda ke isa yanka cikin sati 6 zuwa 8, bai yarda kaza ce ba. "Abin da bai taɓa tono a juji ba, bai taɓa tsere wa shaho ba, ina zai samo ɗanɗano?" Yana da hujjarsa. Kazar gida takan yi wata biyar ko shida tana yawon neman na kanta kafin ta kai tukunya, namanta ya tsuke, romonta ya yi ƙamshi. Abin da ba ya faɗa shi ne, ba shi zai zauna gaban murhu awa biyu ba, yana jiran tsohon zakaran da ya sayo a kasuwar Wudil ranar Juma'a ya yi laushi.

Noila, wadda aka samar don ta tsaya tsakanin biyun, munafuka yake ce mata. Tsohuwar kazar ƙwai da ta gama aiki a gona kuwa yana ɗan ganin mutuncinta, don ita ma tana ba haƙori aiki. A gidan biki in aka miƙo masa soyayyar burola, tas yake cinyewa, yana ci yana kushewa.

Jarumin yanka

Kowane gida akwai saurayin da ya fi kowa iya bayanin yanka: a wasa wuƙa, a fuskanci alƙibla, a take fukafukai da ƙafafu, a ambaci sunan Allah. Karatu daidai, ba gyara. Amma da an ce "Yaya, ga wuƙar," sai a kira shi a waya, kiran da shi kaɗai ya ji ƙararsa. In kuma aka ritsa shi, wajen kwance igiya kazar za ta kuɓuce, ta bi ta ƙarƙashin gado, ta haye katanga, ta faɗa maƙwabta, yara na bin ta da ihu. A ƙarshe almajirin gidan, wanda bai ce uffan ba, shi zai kamo ta ya gama aikin. Jarumi kuma ya dawo daidai an gama figa, ya duba wuyan, ya ce yankan bai yi yadda ya so ba.

Amaryar waya

Ta jingine waya a jikin robar gishiri, bidiyo ya ce minti 30 an gama. Mai girkin cikin wayar ta fara ne da ƙirjin kaza figagge, ba ƙashi ba fata, daga firji sai kasko. Ita kuwa Amarya yanzu aka tsoma tata a ruwan zafi. Minti 30 ɗin ya ƙare a figa, da babbaka, da fasa ciki a hankali don kada maɗaciya ta fashe ta ɓata naman da ɗaci.

Sai aka zo kan kayan haɗi: yogot, zuma, da wasu ganyaye uku da ba a taɓa jin sunansu a kasuwar 'Yankaba ba. Ta rubuta a takarda ta aiki yaro shago, mai shago ya juya takardar sama da ƙasa, ya ba shi kori da tayim ya ce duk ɗaya ne. Ta cuɗe naman, ta jera shi a tandar lantarkin da aka saka mata a kayan ɗaki, wadda yau ce ranarta ta farko a bakin aiki. Minti goma da kunnawa aka ɗauke wuta. Ƙarfe tara da rabi kaza ta koma kan gawayi a tsakar gida ana yi mata fifita. Abin mamaki, sau da yawa takan yi daɗi. Sai dai ba mai taɓawa sai an ɗauki hoto: "Yallaɓai, don Allah ɗan janye hannunka, ka shigar min hoto."

Hajiya Babba

Tana zaune a kan darduma da carbi a hannu, amma hancinta yana kicin.

"'Yar nan, kin sa kimba kuwa?"

"Na sa, Hajiya."

"To, ban ji ba."

A wurinta farfesu yana da sharuɗɗa: citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa da 'yar daddawa, a daka su a turmi, kada a kai inji. A zuba kazar da albasa da kayan ƙamshin a rufe, a rage wuta, a bar ta ta fitar da ruwan jikinta tukuna kafin a ƙara wani ruwan. Duk mai son farfesu ya shiga nama, ya riƙe wannan. A nan Hajiya ba ta da abokin gardama.

Takan tuna wa kowa cewa a zamaninsu kaza ba ta mutuwa haka kawai. Sai an yi baƙon kunya, ko mai jego, ko Sallah, ko kuma kazar amarci da ango ke shiga da ita. In aka zo rabo sai ta ce, "Ni da ba haƙora, ku ɗan zuba min romo kawai." Wanda ya ɗauki maganar nan da gaske ya janyo wa kansa. Kwana uku za ta yi tana ba dangi labarin yadda aka yanka kaza a gidan ɗanta aka ba ta ruwa. In aka sa mata cinya kuwa, rabi za ta ci, ta ƙulle rabi a leda ta ajiye wa jikan da ta fi so, wanda kowa ya san shi, duk da ta sha rantsewa cewa duk ɗaya suke a wurinta.

Mai ɗanɗana gishiri

Ranar wanke-wanke kanta ke ciwo. Ranar suyar kaza ita ce farkon shiga kicin: "Anti, kawo in taya ki." Hanta ce ke fara tafiya, wai don kada ta farfashe a mai. Sai fiffike ya bi, don a ji ko ya soyu. Sai wata 'yar tsoka da ta ɓalle da kanta, wadda ai ba za a kai wa mutane ita haka ba. In aka zo juyewa aka ga giɓi, ita ke fara mamaki: "Wallahi kajin yanzu, suna shiga mai sai su tsuke." Tana faɗa leɓenta na ƙyalli. Kaza aka sani da ci ta goge baki. Wannan ko gogewar ba ta yi.

Likitan gida

Bai taɓa zama a ajin likitanci ba, amma babu zauren WhatsApp na lafiya da ba ya ciki. Fata kitse ce, a cire masa. Burola allura ce ta kumbura ta. Kazar ƙanƙara kuwa, wadda gwamnatin Najeriya ta hana shigo da ita tun zamanin Obasanjo amma ake satar hanya da ita daga Kwatano, ko sunanta ba ya son ji a kan tabarma. Har yau yana ba da labarin murar tsuntsayen 2006, wadda ta fara ɓulla a wata gona a jihar Kaduna, lokacin da mutane suka guji kaza farashinta ya faɗi warwas. In ka bincika, a shekarar ce ya fi cin kaza a rayuwarsa.

A cikin surutunsa akwai abu uku da ya kamata a tsince. Kaza ba ta son rabin dahuwa: a tsaga cinya kusa da ƙashi, in da sauran ja a mayar wuta, domin ƙwayoyin cuta irin su salmonela sai zafi ya ratsa tsakiyar naman ya kai kusan digiri 75 suke mutuwa. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyar kaza, kada a yanka latas ko kabeji da su sai an wanke da sabulu. Ragowa kuma kada a bar ta ta kwana a waje cikin zafin Afrilu. Fatar nan da ya sa aka cire masa kuwa, leƙa kicin bayan an watse, za ka same shi a tsaye yana cinye ta, wai don gudun almubazzaranci.

Baƙon sa'a

Wata shida bai tako gidan ba. Ranar tuwon dawa da busasshiyar kuɓewa ba ya ɓatan hanya. Amma da mai ya fara ƙara a kasko sai ka ji, "Salamu alaikum! Wucewa zan yi, na ce bari in gai da Alhaji."

"Bisimilla, matso."

"A'a wallahi, alhamdu lillahi, yanzun nan na tashi daga kan abinci."

"Haba dai, ko loma ɗaya."

"To, don kada a ce na raina."

Yana faɗa yana naɗe hannun riga. Al'ada ta ce baƙo ake ba mafi kyau, don haka cinyar da yaro ya yi wa kamu tun tana da gashi za ta wuce zaure a kwano mai murfi, yana ji yana gani. Baƙo ya ci, ya shanye romo, ya yi doguwar addu'a, sannan ya rage murya: "Ko da 'yar leda? In kai wa mutanen gida su sa albarka."

Lauyan cinya

Shekararsa tara. A makaranta lissafi ke ba shi wahala, amma a gaban tire yana gane wace tsoka ta fi wata tun daga bakin ƙofa. Tarihin gidan duk yana kansa: wa ya ci cinya ranar ƙaramar Sallah, wa ya ci ranar sunan Ummi. "Umma, wancan karon ma Yaya aka ba. Ni kullum fiffike, kullum fiffike, sai ka ce tashi zan yi!" Auta ba ya buƙatar lauya, baki kawai zai buɗe. Lauya ya ɗaukaka ƙara wurin Abba, Abba ya mayar da shari'a wurin Umma, Umma ta yanke hukunci da ludayi a hannu: wanda ya ƙara magana ƙafa zai samu. Kotu ta tashi.

Duk wannan rigimar akwai wansa a gefe da bai ce komai ba. Jira yake kowa ya gama ya tattaro ƙasusuwa, ya tauna, ya tsotse ɓargo. Tun da ya yi wayo kyanwar gidan ta daina zuwa bakin tire.

Mai rabo

Ita ta fige, ita ta sha hayaƙi, ita kuma za ta raba kaza guda wa mutum goma sha ɗaya, kowa yana kallon hannunta. Ta san dabaru. Kowace cinya ta zama biyu, ƙirji ya zama shida, gadon baya uku. A farfesu a jefa dankalin turawa ya sha romo ya cika kwano. A dafa-duka a yanka naman ƙanana a binne cikin shinkafa, kowa ya yi tonon rabonsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, masara da waken soya da ake haɗa abincin kaji da su suka hau, kaza ta bi su, dabarun nan sai ƙaruwa suke.

Kasonta wuya ne da ƙafa. In aka yi magana ta ce, "Ni dama wuya na fi so." Iyaye mata sun daɗe suna faɗin haka, 'ya'ya kuma suna yarda, har ranar da suka yi nasu gidan ludayin ya dawo hannunsu.

Amma kada a ɗauka ba ta da makami. Ranar da shari'a ta ishe ta, dambu take yi. Ta dafa kazar ta yi luguf, ta zare ƙashi, ta daka a turmi, ta soya da albasa da yaji har ya yi wara-wara. Ba cinya, ba ƙirji, ba ƙundun da za a yi cigiya. Kowa cokali biyu a gefen shinkafa. Maigida ya juya cokali ya rasa abin ƙirgawa, Lauya ya rasa ƙarar shigarwa, Hajiya Babba ta rasa uzurin haƙori. Sauran ta zuba a roba ta kai maɓoyarta ta sirri, can bayan kwanukan samira a saman kabad, wurin da Mai ɗanɗana gishiri ta gano tun bara.